Asabar Huɗu da Jan Farce

Wanda bai taɓa zama a Garwa da bazara ba, bai san abin da rana ke yi wa kwalliya ba. Mace ta fito daga gida tsaf da ita, kafin ta kai babbar kasuwa hoda ta bi gumi ta gangaro wuya, jan baki ya narke a jaka ya ɓata mata katin shaida. Shi ya sa a shagon Madam Honorine ba a sayar da abin da ba a gwada ba, kuma mai gwajin ita ce Kaltumi.

A shekarar da aka karya darajar sefa, kayan Faransa suka fi ƙarfin kowa. Madam Honorine, mutuniyar duwatsun Mokolo, wadda ta shekara goma sha biyar tana sayar da kayan shafa, ta koma saro na Najeriya ta hanyar Yola. Kayan can aibinsu ɗaya ne, sau da yawa kwalin ya fi abin da ke cikinsa kyau. Sai ta ɗauki Kaltumi aiki, don yarinyar na da ido, kuma bakinta bai iya yabon banza ba.

Sun raba aikin gida biyu. Farcen Madam shi ke gwada ƙarko, tunda ita ba Musulma ba ce, ba ta alwala, tana iya barin jan farce kwana biyar ta yi wanki da wanke-wanke da shi a ga ranar da zai fara ɓarewa. Farcen Kaltumi kuwa na gwada launi ne da sheƙi. Da safe ta shafa kala biyar a yatsu biyar, ta fita bakin shago ta ɗaga hannu a rana ta yanke hukunci. Da an kira azahar ta ɗauki auduga da disolban, ruwan nan mai wari da ke goge jan farce, ta share su tas, ta zagaya baya ta yi alwala ta yi sallarta. Ruwan alwala ba ya ratsa jan farce, wannan ko 'yar shekara bakwai ta sani.

A lokacin wata biyu ke nan da Bilya ya kai maganarta gidansu. Bilya ɗan Alhaji Dawuda ne, gidan fatake tun kakanni, masu rumfunan atamfa. Alhaji bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya ce za a bincika. Kaltumi na son Bilya so mai tsanani, irin wanda ke hana mace ganin aibin tafiyar mutum ko da yana ɗingishi. Abin da take jira kawai a gama binciken nan, a turo manya.

Ran Asabar da hantsi Madam ta farke sabon kwali.

"Kaltu, zo ki ga wannan. Mai kawowa ya rantse mini da kabarin uwarsa ba ya narkewa."

Kaltumi ta murza jan bakin, ta ja layi ɗaya a bayan hannunta, ta shinshina.

"Uwarsa na da rai, Madam. Wannan man kaɗe ne aka zuba wa kala. A ajiye shi a kan kantar nan zuwa azahar ki gani, sai dai a kwashe shi da cokali."

"Wannan fa?"

"Wannan ya yi. Amma na farare ne. In baƙar mace irina ta shafa, sai ka ce ta sha kunun kanwa ba ta goge baki ba."

Madam ta tuntsire da dariya ta ware shi gefe. Aka zo kan na kumatu. Kaltumi ta dangwala kala uku a kumatunta na dama, ta bar na hagu ba komai don a ga bambanci, ta tsaya bakin ƙofa inda zafi ke bugowa har gumi ya tsatstsafo. Biyu suka yi zane suka gangaro, ɗaya ya tsaya. Wanda ya tsaya shi aka ce a saro dozin.

Tana cikin busa farcenta, mai kala biyar kamar kullum, tsohuwar nan mai koren mayafi ta shigo. Zuwanta na huɗu ke nan, kullum Asabar, kullum da hantsi, kullum kuma kwalli take saye, har Madam ta taɓa cewa ko dai miya tsohuwar take yi da shi.

"Jam na, Hajiya? Sannu da rana," Kaltumi ta gaishe ta da Fillanci da Hausa.

"Jam, 'yan nan. Mu ga hannun."

Kaltumi ta miƙa mata da fara'a, don ta saba. Ta shiga yi mata bayani ba tare da an tambaye ta ba: na ƙaramin yatsa ya cika ruwa, sai an yi masa shafi uku; na tsakiya yana bushewa da wuri amma ba sheƙi; na babban yatsa, mai kalar zoɓo, shi ne sarkinsu. Tsohuwar ta riƙe yatsun tana juya su kamar mai duba ƙwai.

"Kullum haka kike sa shi?"

"Kullum, Hajiya. Ai aikina ke nan."

"Kullum," in ji tsohuwa. Ta ɗauki kwallinta ta fita.

Ran Litinin bayan la'asar Bilya ya zo gidansu Kaltumi a unguwar Pumpumre. Tun daga yadda ya jingine babur ɗinsa bai kulle ba ta san da magana. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta ajiye ruwa, bai taɓa ba.

"Akwai tsohuwar da ke zuwa shagonku, mai koren mayafi?"

"Mai kwalli? Akwai."

"Goggo Dudu ce, yayar Baba. Ita aka sa binciken."

Kaltumi ta yi ta maza. Ta shiga tuna ko ta taɓa ɗaga wa tsohuwar murya, ko ta miƙa mata kaya da hagu. Ba ta tuno komai ba.

"To me ta ce? Ai ban taɓa yi mata rashin kunya ba."

Bilya ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Ta ce ladabi kina da shi. Ta ce ba ki ƙarya a ciniki. Sai dai ta ce Asabar huɗu a jere ta same ki da jan farce."

"Sai me?"

"Kaltumi, kin fi ni sanin sai me. Matan gidanmu ba sa sa shi sai lokacin da suke fashin salla. Goggo ta ce a gaban Baba, mace ba ta fashin salla wata guda cur. Ta ce ɗayan biyu ne, ko dai ba ki salla, ko kuma kina da ciwon da zai hana ki haihuwa. Ta ce Baba ya zaɓi wanda ya fi so a ciki."

Nan hawaye suka zubo mata, masu zafi, na baƙin ciki da kunya a haɗe. Wai a ce an zauna a falon Alhaji, maza da rawuna, ana lissafin kwanakinta.

"Kai fa me ka ce?"

"Me zan ce? A gaban Baba zan buɗe baki in yi maganar al'adar mata?"

"Ba sai ka yi maganar al'ada ba! Ka ce tana gogewa. Kalma biyu ce, Bilya. Sau nawa ka zo ka same ni ina warin disolban, har kana toshe hanci kana cewa kamar garejin fenti? Dubi farcena." Ta miƙa masa hannuwan duka biyu. "Dubi yadda suka bushe suka yi fari. Kana tsammani wanki ne? Kullum sai na kankare su saboda salla. Ban taɓa haɗa azahar da la'asar ba tunda na fara aikin nan, Madam shaida ce."

"Madam," ya ce a hankali. "Kina ganin Baba zai karɓi shaidar Madam a kan salla?"

Ta janye hannuwanta.

"Wallahi na so in yi magana," ya ci gaba. "Na buɗe baki, Baba ya dube ni, sai na ji harshena ya yi nauyi. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Ni ke nake so, ko duniya za ta taru a kaina."

"Duniya ba ta taru ba tukuna, mutum biyu ne kawai, ka kasa."

Shi ma sai ga hawaye. Haka suka zauna, kowa na share nasa, ruwan da ta kawo har ya yi ɗumi a kofi. Daga ƙarshe ita ce ta fara dawowa hayyacinta, kamar yadda aka saba.

"Ka je ka roƙi Goggo ta sake zuwa. Kada ta zo da hantsi, ta zo da azahar. Gani ya kori ji."

Ya yi alkawari har da dafa ƙirji.

Dada, mahaifiyar Kaltumi, ta ji komai daga tsakar gida, don zauren nasu ba ya riƙe sirri. Tana tankaɗe gari ta yi magana ba ta ko ɗago ba.

"Na faɗa miki tun farko, gidan masu atamfa ba a shigarsa da fenti a hannu. Ga Abakar nan, aikinsa a kamfanin siminti a Figil, sau uku yana turo kawunsa. Shi bai aiko kowa ya ƙirga miki kwana ba."

"Dada, ba na son Abakar."

"So! Ni da na auri ubanki son sa nake? Ga shi mun shekara talatin. Na ba ki zuwa Babbar Salla. In mutanen nan ba su turo ba, zan ce wa ubanki ya amsa wa na Figil, kuma ki bar shagon nan."

Washegari da Madam Honorine ta ji labari, sai da ta ajiye kwalin da ke hannunta.

"Ah non! Ke da kike tsayar mini da ciniki kullum ƙarfe biyu? Bari in je gidan Alhajin nan da kaina."

"Ki rufa mini asiri, Madam. In kin je, cewa za su yi na turo mai gidana ta yi mini kamfe."

"To daina sa berni ɗin, jan farcen nan. Ni zan gwada kalar."

Kaltumi ta dubi hannun Madam, ta dubi nata. Ta ce in ta daina yanzu, ai ta amsa laifin da ba ta yi ba ke nan. Ta jawo kwalba ta shafa abinta. Taurin kai dai gadonta ne, ta wajen Dada ta samo shi.

Asabar ta zo ta wuce, ba Goggo. Bilya ya aiko cewa yana kan lallashi. Wata Asabar ɗin ma ta wuce. Kaltumi ta rame har sai da ta sake ɗaurin zane, amma hukuncinta a kan kaya bai canza ba. A makon ne ma ta kori kwali guda na jan baki saboda yana barin kala a haƙori.

Ran Laraba, ana gab da kiran azahar, kasuwa ta yi tsit don zafi, koren mayafi ya bayyana a ƙofar shago.

Kaltumi ta fito daga bayan kantar shagon. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, wannan karon da sunan Goggo. Madam ta jawo kujera da sauri ta goge ta da gefen zaninta. Ladan ya kira salla.

"Goggo, a yi mini haƙuri kaɗan."

Ta zauna nan gabanta, ba ta ɓoye komai ba. Ta jiƙa auduga, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har gefen farce inda kala ke maƙalewa sai da ta bi da tsinke. Warin ya cika shago. Ta ɗauki buta ta yi alwala a bakin ƙofar baya, inda za a iya ganinta, ta shimfiɗa sallaya tsakanin kwalaye. Allah ya sani rabin hankalinta na kan kujerar nan, ta dai yi iyakar ƙoƙarinta.

Da ta sallame, Goggo ta ce, "Allah ya karɓa."

"Amin, Goggo."

"To, 'yan nan, yau ba kwalli na zo saye ba. Kayan lefe nake haɗawa na yaron nan Bilya. An gama da atamfa da takalma, saura kayan shafa. Na ce ba inda za ni sai nan."

Madam ta dafe baki ta juya tana ƙifta wa Kaltumi ido, har da ɗan rawar kafaɗa. Kaltumi ta sunkuyar da kai, kunya da murna suka rufe ta. Ta buɗe gilashin kantar shagon ta fara fito da abin da ta daɗe da ware wa kanta a zuci: jan baki mai duhu, na kumatu mai kalar ƙasa-ƙasa, hoda mai ruwan goro. Ta jera su a hankali.

Goggo ta dube su, ta sa yatsa ta ture su gefe.

"Waɗannan sun yi duhu. Amaryar fara ce."



"Fara?" in ji Madam.

"Fara tas. Rabi'atu, 'yar ƙaninmu da ke Marwa, a Dugoi. Tun washegarin da na kai wa Alhaji bayani ya aika wa ɗan'uwansa, aka amsa."

Kaltumi ta dafa gilashin kantar. Muryar da ta fito mata ƙarama ce.

"Amma Goggo, kin ga na goge. Kin ga na yi salla."

"Na gani, 'yan nan, kuma na ɗauki alhakinki, Allah ya yafe mini. Da tun farko da azahar na riƙa zuwa, da ba haka ba. To ni ƙafata ba ta son rana, shi ya sa nake fitowa da hantsi." Ta gyara mayafi. "Amma magana ta riga ta fita tsakanin wa da ƙani. Kina so Alhaji ya aika Marwa ya ce ya fasa, wai don yayarsa ta yi kuskuren lokaci? Bakin alƙalami ya bushe."

"To me ya kawo ki nan?" Madam ta faɗa, ta manta da ladabin ciniki. "Shago nawa ne a kasuwar nan?"

"Da yawa," in ji Goggo, ko a jikinta. "Amma wata guda ina zaune ina jin yarinyar nan, ban taɓa ji ta yabi abin da ba shi da kyau ba. Ba na so a kai wa mutanen Marwa abin da zai narke a akwati su raina mu."

Madam ta buɗe baki za ta kore ta, Kaltumi ta riƙe mata hannu. Ta mayar da nata zaɓin cikin gilashi ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi Goggo ko farin amarya mai ja ne ko mai ɗorawa, ko leɓenta na da kauri, ko tana yawan gumi. Goggo ta amsa duka. Kaltumi ta fito da jan baki uku masu haske, ta ce na huɗun kada a saya, yana bushe leɓe. Ta zaɓi na kumatu wanda ba ya bin gumi. Ta ɗauko jan farce biyu, ta haɗa da kwalbar disolban da ƙullin auduga.

"Wannan a ce mata ta riƙa gogewa kafin baƙi su zo," ta ce.

Goggo ta ƙirga kuɗi ta biya. Aka ɗaure kaya a leda, hawaye ɗaya bai zubo wa Kaltumi ba, ita kanta ta yi mamaki.

"Ɗauko mini zuwa mota, hannuna ba ƙarfi," in ji Goggo.

Motar Alhaji na tsaye a inuwar dalbejiya, bakin titi. Wanda ke zaune a mazaunin direba ya hango su, ya buɗe ƙofa ya fito da sauri. Bilya ne, ya sha farar shadda, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Kallo ɗaya Kaltumi ta yi masa ta gane ba a gaya masa komai ba. An dai ce masa ya kawo Goggo da azahar kamar yadda ya roƙa, za ta sayi kayan lefe, shi kuma ya ƙarasa sauran da kansa.

Goggo ta shige gidan baya ta ja ƙofa, ta kau da kai tana kallon masu sayar da mangwaro.

Bilya ya karɓi ledar da hannu biyu, ya rage murya, yana murmushi har kunne.

"Ba na ce miki zan kawo ta ba? Kin dai zaɓi waɗanda kike so ko?"

Kaltumi ta dube shi sosai, yadda take duban kaya a rana kafin ta yanke hukunci.

"Na zaɓi waɗanda za su yi mata kyau," ta ce.

"Wa?"

"Tambayi Goggo. Hanyar gida da nisa."

Ta juya ta nufi shago. Tana jin sa yana kiran sunanta, sau ɗaya, sau biyu, na ukun da wata irin murya da ba ta taɓa jin ya yi ba. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya a tsakiyar kasuwa za ta zube.